Har yaushe za mu ci gaba da gini a filin aro a intanet?

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da matasanmu masu karatun kwamfuta, da malamansu, da duk wanda ya zuba wani abu mai daraja a intanet yana zaton ya ajiye shi inda ba zai taɓa salwanta ba. Ni malamin kwamfuta ne, kuma na shafe shekaru ina duba ayyukan kammala karatu na ɗalibai, waɗanda galibinsu abu ɗaya ne ake ta maimaitawa ana sauya masa suna, a kare shi a gaban malamai, a ɗaure shi da bango mai kauri, sannan ya koma cikin kabad ba tare da ya taɓa amfanar mutum ko ɗaya ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ina ganin ayyukan da al'ummarmu take matuƙar buƙata suna nan zube, kuma farkonsu duka shi ne mutum ya mallaki suna nasa na kansa a intanet.

Akwai wani dattijon malami a unguwarmu wanda ya yi shekaru masu yawa yana tafsiri a watan azumi. Almajiransa suka yi hidima ta gaske, suka tattaro tsofaffin kaset-kaset daga gidaje, waɗansu har zarensu ya fara cin tsatsa, suka juye su zuwa kwamfuta, suka riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a wani shafi da suka buɗe a ɗaya daga cikin dandalin sada zumunta. Wata safiya yaron da ke kula da shafin ya zo mini jikinsa yana rawa, ya ce an turo masa saƙo a kan wai za a rufe shafin idan bai tabbatar da kalmar sirrinsa ba, ya tabbatar, kafin azahar an canza wa shafin suna, an goge karatun, an cika shi da tallan da ba ya faɗuwa. Muka rubuta koke sau da dama, ba mu samu ɗan'adam ko ɗaya da ya amsa mana ba. Da na tambaye shi ina ainihin muryoyin da aka juyo, sai ya ce kwamfutar da aka yi aikin da ita an sayar, kaset ɗin kuma an mayar wa masu su, waɗansu ma sun zubar tunda an ce musu komai ya hau intanet. Ranar da aka sanar da malamin, bai ce komai ba face innalillahi, sannan ya tambaya ko karatun Suratul Baƙara na shekarar da mahaifinsa ya halarta yana cikin abin da ya tafi. Yana ciki.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsautsayi ne na mutum ɗaya. A shekarar 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko, sannan a Disamba 2020 ya rufe zaurukansa na Yahoo Groups, waɗanda a cikinsu ne marubutan Hausa da masu nazarin finafinanmu suka yi shekaru suna tafka muhawara tun kafin a san Facebook. Google ya rufe dandalinsa na Google+ a 2019. A nan gida, OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama, musamman mata, suke sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Mun kuma ga yadda gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni 2021 har zuwa 13 ga Janairu 2022, da yadda Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kimanin awa shida ranar 4 ga Oktoba 2021, 'yan kasuwa suka zauna riƙe da waya ba su da hanyar isa ga abokan cinikinsu. Babu laifi kamfani ya rufe abin da ba ya kawo masa riba, domin filinsa ne. Laifin namu ne da muka kafa tubali muka yi rufi a kan filin da ba mu da takardarsa, alhali tun kakanni an gaya mana zanen aro ba ya rufe katara.

Takardar fili a intanet ita ce abin da ake kira domen, wato sunan da mutum yake rubutawa a burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, ya kai shi wani shafi, kamar a ce sunanka.com.ng. Kowace kwamfuta da ke kan intanet lamba take da ita, kuma tun 1983 aka ƙirƙiro tsarin DNS wanda aikinsa shi ne ya karɓi suna ya mayar da lambar na'urar da sunan yake nunawa. Muhimmin abin da nake so a fahimta shi ne, mai suna shi ne yake da ikon cewa sunan ya nuna wace na'ura. Yau yana iya nuna kwamfutar wani kamfani a Jamus, gobe a juya shi ya nuna wata a Legas, jibi ya nuna wadda ke kan teburin ɗakinka, masu ziyara kuwa ba su san an yi ƙaura ba. Waɗanda suka tuna shekarar 2013, lokacin da aka fara ba mu damar sauya kamfanin waya ba tare da mun rasa lambarmu ba, za su gane abin da nake nufi, domin kafin wannan lokacin mutum yakan jure wa layi marar kyau shekara da shekaru don kawai lambar ce jama'a suka san shi da ita. Sunan kuma yana haihuwa, domin wanda ya mallaki guda ɗaya yana iya cire masa rassa iya son ransa ba tare da ya ƙara ko kwabo ba, reshe ɗaya na karatu, ɗaya na hotunan iyali, ɗaya na shago.

Kowace ƙasa tana da nata ƙarshen suna. Namu na Nijeriya shi ne .ng, wanda ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 take kula da shi ta hannun dillalan da ta amince da su, 'yan'uwanmu na Nijar suna da .ne, na Gana .gh, na Kamaru .cm, na Chadi .td, na Sudan kuma .sd. Ina ba matasa shawarar su fara da .com.ng saboda dalili mai sauƙi: da naira ake biya. Duk wanda ya riƙe suna mai ƙarewa da .com a shekarar 2022, lokacin da bankuna da dama suka rage abin da ake iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya ma waɗansu suka dakatar gaba ɗaya, ya san tashin hankalin ganin wa'adin suna yana ƙarewa ga kuɗi a asusu amma babu hanyar biya. Kuɗin shekara guda na irin wannan suna kuwa bai wuce abin da yawancinmu muke ƙonawa a data cikin wata ɗaya ko biyu ba.

A nan sai in ja kunne a kan abubuwan da na ga sun cuci mutane. A yi rajistar suna da imel da lambar wayar mai shi, ba na yaron da aka ɗauka ya gina shafin ba, domin na ga makarantu da ƙungiyoyi sun rasa sunayensu saboda wanda ya yi musu aiki ya tafi hidimar ƙasa ya canza layi. A guji sunan kyauta. Shekaru da dama ana raba sunaye masu ƙarewa da .tk da .ml da .ga ba tare da an biya ba, ɗalibaina da yawa suka ruga, sai ga shi a 2023 kamfanin da ke rabawa ya daina, Mali da Gabon suka karɓi ragamar nasu, shafuka marasa adadi suka mutu. Sannan a lura da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Yawancin mutane ba za su rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ a adireshi ba, don haka kafin a zaɓi suna a cire masa lanƙwasar a karanta shi da ƙarfi, a ji ko ƙasa ta koma kasa, ko ɓata ta koma bata, kada a wayi gari sunan da aka zaɓa don girmamawa ya zama abin zolaya.

Bayan suna sai gida, wato na'urar da za ta riƙe kayan, wadda ake kira saba, waɗansu kuma su ce uwar garke. Mutane suna jin kalmar sai su hango ɗaki mai sanyi cike da injuna. Tawa tsohuwar laftof ce wadda gilashinta ya tsage, na goge abin da ke kanta na sa mata Debian, wata babbar manhajar gudanar da kwamfuta ta kyauta, na saita ta kada ta yi barci idan an rufe murfinta, na ɗora ta a kan bulo biyu a saman kabad domin iska ta riƙa shiga ta ƙarƙashinta, na ja mata waya zuwa rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Wutar da take ci ba ta kai rabin ta fankar sama ba, batirinta kuma yana riƙe ta tsakanin ɗaukewar wuta da komawa kan sola. Duk ƙarshen wata, musamman lokacin hunturu, nakan hure mata ƙura, a watan Afrilu kuma nakan duba batirin kada zafi ya kumbura shi. Wanda yake da hali yana iya sayen Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan da aka fara fitarwa a Ingila a 2012, wadda ba ta fi tafin hannu ba, amma ban ga dalilin jira ba alhali shagunan masu gyara a Farm Centre da titin Beirut a Kano cike suke da kwamfutocin da aka yi watsi da su don kawai allonsu ko madannansu sun lalace.

Aikin da na fi so in ga ɗalibi ya ɗauka shi ne rumbun muryoyi na karatun malamai, da waƙoƙin baka, da hirarrakin tsofaffi. Ba ya buƙatar wuri mai yawa kamar yadda ake zato. Muryar mutum ta awa guda, idan aka matse ta daidai da abin da kunne yake buƙata, ba ta wuce megabayit 15 ba, ke nan tafsirin azumi na awa 60 bai cika gigabayit ɗaya ba, faifai mai terabayit guda kuwa zai ɗauki karatun malaman gari sukutum. Akwai manhajojin kyauta irin su Jellyfin da Audiobookshelf da za a iya farawa da su, amma an gina su ne da tunanin finafinai da waƙoƙi da littattafan saurare. Abin da muke buƙata shi ne wanda zai jera karatu bisa malami, da littafi, da shekarar Hijira, da sura da aya, ta yadda mai nema zai rubuta aya ya ji abin da malamai uku suka ce a kanta, kuma ya iya sauke zama ɗaya kacal idan datarsa ba ta da yawa.

Wannan ya kawo ni ga matsalar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato bincike a cikin rubutun Hausa. Kalma ɗaya muna rubuta ta ta hanyoyi uku ko huɗu: wani ya rubuta ɗaki, wani daki, wani d'aki kamar yadda marubutan littattafan waya suka saba. Mu a Nijeriya muna rubuta 'ya'ya, a Nijar ana rubuta ƴaƴa. Ga kuma jam'inmu da ba ya bin hanya ɗaya, gida ya zama gidaje, littafi ya zama littattafai, ƙasa ta zama ƙasashe. Akwatin binciken da ke zuwa da yawancin manhajoji bai san waɗannan 'yan gida ɗaya ba ne, don haka mai nema yakan koma hannu rabbana alhali abin yana ciki. Ɗalibin da ya zauna ya rubuta 'yar ƙaramar manhaja da za ta daidaita waɗannan siffofi kafin ta jera kalmomi, ta kuma fifita wanda ya dace da lanƙwasar da aka rubuta, ya sake ta kyauta kowa ya liƙa a shafinsa, ya yi wa harshen nan hidimar da za a daɗe ana mora. Idan ya ƙara da gefen ajami, to, ya buɗe ƙofar da masu nazarin tsofaffin takardunmu suka daɗe suna ƙwanƙwasawa.

Haka nan batun salsala. Manhajoji irin su Gramps da webtrees suna ba iyali damar rubuta asalinsu a kan sabarsu ta kansu, kuma suna aiki da kyau, sai dai ba a ɗinka su a jikinmu ba. Gidanmu gida ne na mata fiye da ɗaya, da 'yan uba, da 'yan ɗaki, da ɗan riƙo, da agola. Mutum ɗaya yana da sunan yanka, da laƙabi, da sunan da surukai suke sakaya shi da shi saboda alkunya, har a manta da na yankan. Mafi girma duka, muna da 'yan'uwantakar shayarwa, wadda take haramta aure kamar yadda jini yake haramtawa, kuma yawanci a ƙwaƙwalwar tsohuwa ɗaya take ajiye, ranar da ta rasu sai a shiga ruɗani. Na san gidan da sai da aka sa rana aka kai lefe kafin wata gwaggo ta tuna cewa ta shayar da yaran biyu. Rumbun iyali da ke da gurbin rubuta wa ya sha nonon wa, da shaidar waɗanda suka sani, wanda 'yan gidan kaɗai ke iya shiga, abu ne da babu wani kamfani a Amurka da zai zauna ya gina mana.

Sauran ayyukan ba sa buƙatar dogon bayani. Littafin adashi da kowace mai zubi za ta duba ta ga zubinta da ranar kwasarta. Rajistar Islamiyya da ke nuna wa iyaye inda haddar yaro ta tsaya. Shafi marar nauyi da ke kawo farashin buhun masara da gero da wake daga Dawanau kowace safiya, wanda zai buɗe ko da sabis ya yi rauni. Akwai kuma abin da ya faru a Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, makarantu suka yanke da duniya. Saba ta cikin gida ba ta buƙatar intanet kafin ta yi wa na kusa da ita aiki. Da manhajar Kiwix ana iya sauke Wikipedia ta Hausa da ta Turanci da ta Larabci a ajiye, da Kolibri a ajiye darussa, duk wayar da ta kama siginar rawutar makarantar ta karanta ba tare da an kashe data ba.

Ba zan ɓoye wahalhalun ba, domin wanda aka ɓoye wa su shi ne yake saurin karaya. Babbar ita ce yawancinmu da layin waya muke shiga intanet, kamfanonin waya kuma sukan haɗa dubban mutane a kan lamba ɗaya, saboda haka wanda yake waje ba zai iya ƙwanƙwasa ƙofar sabar gidanka kai tsaye ba. Maganinta shi ne a yi hayar 'yar ƙaramar saba a wajen kamfani, a nuna sunan gare ta, sannan a haƙa rami na sirri tsakaninta da ta gida da manhajar WireGuard, ko a yi amfani da irin hidimar da Tailscale da Cloudflare suke bayarwa. Wani zai ce ai an koma hannun kamfani. Haka ne, amma wannan karon ɗan dako ne aka ɗauka, kayan da sunan suna hannun mai su, kuma ana iya sallamarsa a ɗauki wani cikin yini guda. Shaidar tsaron shafi, wadda wasu burauzoji ke nunawa da alamar makulli a gefen adireshi, wadda a da galibi sai an saya, hidimar Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta tun 2015. Imel kuwa shawarata ita ce kada sabon shiga ya ce zai riƙe shi a gida, domin manyan kamfanoni sukan jefa saƙon da ya fito daga layin gida cikin kwandon shara komai kyawun saitinsa. A sa adireshin ya kasance da sunan mutum, a bar wa masu sana'ar ɗaukar saƙon.

Wanda ya ce zai riƙe kayansa da kansa ya ɗauki amana, musamman idan bayanan 'ya'yan mutane ne ko kuɗin adashinsu, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta hau kansa. Dole ya riƙa sabunta manhajojinsa, ya rufe duk ƙofar da ba ya amfani da ita, ya kuma sani cewa faifai yana mutuwa ba sallama. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida daban. Nawa na uku yana gidan ƙanwata a wata unguwa, duk ranar Juma'ar farkon wata nakan je da faifai ɗaya in dawo da ɗayan, sau biyu a shekara kuma nakan gwada dawo da kaya daga cikinsa don in tabbatar ba fanko nake ajiyewa ba. A ƙarshen Oktoba 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wutar lantarki, sabata ta kwana biyu a kashe saboda na fifita firjin maganin mahaifiyata a kan batirin sola, shafin ya ɗauke, amma da wuta ta dawo ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Sai kuma abin da ba mu son ambata: suna haya ce ta shekara-shekara, idan mai shi ya rasu ba wanda ya san ranar biya, bayan ɗan wa'adi za a sake shi kasuwa kowa ya saya. Na rubuta sunan dillalin, da ranar sabuntawa, da inda kalmomin sirri suke, na sa a ambulan ɗaya da takardun gida, na kuma nuna wa babban ɗana.

Edita, roƙona gare ku biyu ne. Ku ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata inda matashin da ya gina irin wannan aiki zai bayyana yadda ya yi da Hausa, da abin da ya kashe, da inda ya yi tuntuɓe, domin shugabannin sassan kwamfuta a jami'o'i da kwalejojinmu su ga cewa ana iya karɓar saba mai aiki, wadda mutane na gaske suke amfani da ita, a matsayin aikin kammala karatu. Sannan ku duba naku rumbun. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 har yau masu bincike suna samun tsofaffin kwafinta a ɗakunan ajiya suna karantawa, ina so ku tambayi masu kula da shafinku sunan wa ke kan rajistar adireshin jaridar nan, yaushe wa'adinsa zai ƙare, kuma a ina kwafi na biyu na labaran da kuka wallafa shekara goma da suka wuce yake.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
Malamin kwamfuta daga Kano